Gobe a Ɗakin Duhu: Sabunta Tsohon Hasashe da Abin da Damargu Za Ta Iya Nunawa

A manyan wuraren shaƙatawa na Amurka da Turai da Japan akwai wani nau'in abin kallo da masu sana'ar ke kira tafiyar cikin duhu, wato wani babban gini marar taga da ake shimfiɗa wa siririn layin dogo a ciki, a jera ƙananan kekuna a kansa, mutane su zauna bibbiyu ko hurhuɗu, keken ya riƙa tafiya da su sannu a hankali daga ɗaki zuwa ɗaki. Kowane ɗaki an shirya shi kamar fagen wasan kwaikwayo, da gidajen kwaikwayo da mutum-mutumi masu motsi da hotuna da sauti, wani lokaci har da ƙamshi da iska, kuma amfanin duhun shi ne mai tsara wurin ya mallaki idon ɗan kallo, domin abin da aka haska kaɗai ake gani, wayoyi da injuna da bangon gini kuwa sai su ɓace. Daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye, waɗanda suka fi wuyar riƙewa su ne masu nuna yadda duniya za ta kasance nan gaba, saboda gidan fatalwa da fadar sarkin tatsuniya ba sa tsufa, amma hasashen gobe yana da ranar da za a auna shi da abin da ya faru. Yadda za a sabunta tsohon hasashe domin 'yan kallon yau ya daɗe yana damun injiniyoyi da marubutan kamfanonin nishaɗi, kuma batun ya shafi ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato, domin ɗaya daga cikin mafarkan da aka fi maimaitawa a waɗannan ɗakuna shi ne mayar da hamada gona, aikin da mutanen Gangara da Tanut da Belbeji, a ƙasar Damargu ta jihar Damagaram, suke fama da irinsa kowace damina.

Tushen abin yana komawa ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake zaunar da mutane a ƙananan kwale-kwale, ruwa ya ja su ta cikin rami mai duhu da aka ƙawata da zane-zane. A shekarar 1901, a baje kolin birnin Buffalo na Amurka, Frederic Thompson ya buɗe wata tafiyar kwaikwayo zuwa duniyar wata wadda ta yi farin jini ƙwarai, sannan a 1928 Leon Cassidy ya fito da keken lantarki mai bin dogo guda ɗaya, wanda ya bazu a wuraren wasa da yawa. Amma wanda ya kafa salon nuna gobe kamar yadda aka san shi yanzu shi ne Futurama, abin kallon da kamfanin motoci na General Motors ya ɗauki nauyinsa a baje kolin duniya na birnin New York a 1939, wanda Norman Bel Geddes ya tsara. Ana zaunar da mutum a kujera mai tafiya, da 'yar lasifika a kusa da kunnensa, ya ratsa ta saman wani ƙaton samfurin ƙasa mai ɗauke da ƙananan gine-gine kimanin 500,000 da bishiyoyi miliyan ɗaya da motoci 50,000, ana gaya masa cewa Amurkar shekarar 1960 ke nan. Miliyoyin mutane sun yi dogon layi domin su gani, a lokacin da ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arziki ba.

Wani ɓangare na wannan hasashe ya tabbata, domin a 1956 Amurka ta kafa dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohinta. Abin da samfurin bai nuna ba shi ne cunkoson motoci da hayaƙi da unguwannin talakawa da aka rushe domin hanya ta wuce, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kamfanin da ke sayar da mota ne ya biya kuɗin aikin, saboda haka gobe ta fito da siffar mota. Da aka sake yin Futurama a baje kolin 1964, an nuna sansanin mutane a duniyar wata, da masauki a ƙarƙashin teku, da gonakin hamada da ake shayarwa da ruwan teku da aka cire wa gishiri, da kuma wani ƙaton inji mai sare dajin kurmi yana barin shimfiɗaɗɗiyar kwalta a bayansa. Wancan inji abin alfahari ne a wancan lokaci, a yau kuwa duk wanda ya gan shi ɓarna zai kira shi, kuma wannan yana nuna cewa abin da mutane ke buri yakan canza kafin ƙarfen da aka gina burin da shi ya yi tsatsa.

Kamfanin Disney ya gaji wannan salo tare da matsalarsa. Lokacin da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a watan Yuli na 1955, sashen da ke nuna gobe ya ɗauki shekarar 1986 a matsayin zamaninsa, kuma babban abin kallonsa tafiya ce zuwa duniyar wata. Da 'yan sama jannati suka taka watan da ƙafarsu a 1969, sai abin ya zama tsohon labari, har a 1975 aka mayar da tafiyar zuwa duniyar Mas. A 1967 injiniyoyin kamfanin suka fito da tsarin kekuna da ake kira Omnimover, wato jerin kujeru a sarƙe da juna waɗanda ba sa tsayawa, mutane na hawa suna sauka daga dandamali mai tafiya daidai da saurinsu, kuma kowace kujera tana juyawa da kanta ta fuskanci inda mai tsarawa yake so a kalla. Da wannan dabara ana iya ratsa mutum fiye da dubu biyu cikin awa ɗaya, kuma an yi amfani da ita a EPCOT, wurin da aka buɗe a Fulorida ranar 1 ga Oktoba 1982, inda a lokacin kowane babban ɗaki yake da kamfanin da ke riƙe da shi: Exxon na da ɗakin makamashi, General Motors na da na sufuri, Kodak na da na tunani da ƙirƙira, kamfanin wayar tarho na Bell kuma na da Spaceship Earth, ƙatuwar ƙwallo mai tsawon mita 55 da ke ba da tarihin sadarwa tun daga zanen kogo har zuwa kwamfuta.

Daga cikin ɗakunan EPCOT, wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne Horizons, da aka buɗe a 1983 bisa tallafin kamfanin General Electric. Tafiyar tana farawa da waiwaye kan yadda mutanen baya suka yi hasashen gobe, irin su marubucin Faransa Jules Verne, sannan ta bi wani iyali ɗaya da suka watsu a wurare huɗu: babban birni, da gari mai yawo a kan teku, da mazauni a sararin samaniya, da kuma wata gona a tsakiyar hamada da aka raɗa wa suna Mesa Verde. A wannan ɗaki ana ganin wata mace tsaye a gaban allunan sarrafa injuna, tana kallon layukan itatuwa har iyakar gani, injuna na girbi ba tare da hannun mutum ba, kuma ana fesa ƙamshin lemo a iska domin ɗan kallo ya ji kamar yana cikin lambun. A ƙarshe kowane keke yana da maɓallai, mahaya su zaɓi hanyar komawa gida, ta teku ko ta hamada ko ta samaniya, abin da ya kasance sabo a lokacin. General Electric ya janye tallafinsa a 1993, aka rufe Horizons gaba ɗaya a watan Janairu na 1999, aka rushe ginin, har yau kuma akwai ɗimbin masoyansa da ke tattara tsofaffin hotunansa suna sake gina shi a cikin kwamfuta. Abin da suke kewa shi ne iyalin da ke cikinsa da kyakkyawan zaton da yake sa wa mutum, domin babu mai kewar injunan girbin.

Hanyoyin da aka bi wajen sabunta waɗannan ɗakuna ba su yi daidai da juna a nasara ba. Mafi sauƙi ita ce rushewa a kawo abin da ke kaɗa hanji, kamar yadda aka maye gurbin Horizons a 2003 da wata na'ura mai juya mutane domin su ji nauyin tashin roka, ko yadda aka rufe ɗakin makamashi a 2017 aka sa jirgin gudu mai ɗauke da jaruman fim a wurinsa a 2022. Wannan yana cika layi da matasa, sai dai ya bar maganar gobe kwata-kwata. A Disneyland ta Faris, wadda aka buɗe a 1992, an kauce wa matsalar ta hanyar gina sashen bisa mafarkan Jules Verne da tsararsa, wato goben da kowa ya san ta riga ta wuce, saboda haka ba za ta ƙara tsufa ba. Spaceship Earth kuwa gyaran faci aka riƙa yi mata, ana sauya muryar mai ba da labari da ɗakunan ƙarshe a 1986 da 1994 da 2007, kuma a gyaran ƙarshe aka sa allon taɓawa a kowane keke, inda mahayi ke amsa tambayoyi a haɗa masa ɗan fim na gobensa. Cikin 'yan shekaru wayar da ke aljihun kowane yaro ta fi wannan allo iyawa. An yi shelar babban gyara a 2019, annobar korona ta sa aka ɗage shi a 2020. Darasi mafi zafi ya fito ne daga ɗakin Kodak, inda a 1999 aka cire tauraron tafiyar da yara suka shaƙu da shi, aka rage wa ɗan abokinsa Figment matsayi, jama'a suka nuna rashin jin daɗi ƙwarai har a 2002 aka sake gyarawa aka mayar wa Figment matsayinsa.

Akwai kuma wata tafiya a EPCOT da ba a cika yi mata talla ba, amma ta rayu tun 1982 da ɗan gyara kaɗan, ita ce wadda yanzu ake kira Living with the Land. Kwale-kwale ne ke ɗaukar mutane ta cikin ɗakunan kwaikwayo na kurmi da hamada da fili, sannan ya fito da su cikin rumfunan noma na gaske, inda ake shuka ganyaye da 'ya'yan itatuwa da ban ruwa na ɗigo, wasu ma ba tare da ƙasa ba, ana kiwon kifi, ma'aikata na aikinsu a gaban idon kowa, kuma ana dafa wani ɓangare na amfanin a gidajen abincin wurin. Wannan tafiya ba ta tsufa saboda abin da take nunawa yana tsirowa ne, kuma idan dabara ta canza sai a canza shukar. Idan aka jera waɗannan misalai, abin da ke fitowa fili shi ne ɗakin da aka gina a kan wata na'ura yakan mutu tare da na'urar, wanda aka gina a kan buƙatar ɗan Adam ta abinci da ruwa da magana da iyali kuwa yana karɓar gyara, kamar gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe bayan kowace damina ya ci gaba da zama gidan da aka sani.

Ƙasar Hausa ba ta saba da ginin dogo a cikin duhu ba, amma ta san zama cikin duhu ana nuna mata gobe, kuma sunan wannan abu majigi. Tun shekarun 1930 zuwa bayan samun mulkin kai, motocin gwamnati sukan isa gari da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a tayar da janareto bayan sallar isha, a nuna finafinan tsafta da allurar rigakafi da noman zamani da manyan ayyukan gwamnati, wani mai bayani yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya irin waɗannan finafinai a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara aikin tun yana jami'in lafiya a Najeriya, kuma dattawan Arewa da yawa suna tuna Baban Larai, fim ɗin da ke koyar da noman auduga. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya wallafa littafinsa a 2008, ya nuna cewa majigi hanya ce da hukuma ke baje ikonta da alkawarinta na ci gaba a lokaci guda. Ta wannan fuska majigi da Futurama 'yan gida ɗaya ne, domin a dukkansu wanda ya biya kuɗi shi ke zana gobe, ɗan kallo kuwa nasa zama da kallo.

A Nijar ma an yi gwaje-gwajen da suka cancanci tunawa. An fara koyar da yara ta talabijin a makarantu a 1964, kuma Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta ƙasa daga 1969 zuwa 1985, yana ƙera na'urorin dumama ruwa da dafa abinci da hasken rana a lokacin da duniya ba ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba. Moustapha Alassane, wanda ya rayu daga 1942 zuwa 2015, ya fara ne da wasan inuwa da fitila tun yana yaro, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane da na 'yar tsana a Afirka, ya zauna a Tawa yana yawo da finafinai zuwa ƙauyuka. A adabi kuma Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin da ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a shekarar da aka sauka a wata. Wuri mafi kama da EPCOT a tsari shi ne gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama: fili ne mai faɗi da ɗakuna daban-daban, na tufafi da na kayan kiɗa da na ƙasusuwan dinoso, da gidan dabbobi, da rumfunan masu sana'ar hannu da ke aiki a gaban baƙi, da busasshen itacen Tenere da aka kawo bayan mota ta kayar da shi a 1973. Akwai ɗakin yuraniyom a cikinsu, wanda ke bayyana ma'adinin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 kuma aka ɗora masa burin ƙasa. Farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, mahaƙar Akuta ta rufe a 2021, kuma duk wanda zai gyara irin wannan ɗaki a yau zai fuskanci tambayar da masu gyaran ɗakin Exxon suka fuskanta, wato ko a ci gaba da yabon albarkatun, ko a faɗi abin da suka kawo da abin da suka bari.

Damargu ita ce ma'aunin da ya dace a ɗora gonar Mesa Verde a kai. Ƙasa ce da ke tsakanin Damagaram da Abzin, a kan tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa Kano da Agadas da Tarabulus, inda Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani suke zaune tare, kuma an daɗe da saninta da hatsi, wato gero, wanda ayarin raƙuma ke ɗauka zuwa arewa su dawo da gishiri da dabino. Tana bakin iyakar noman damina, kusa da layin da dokar 1961 ta shata domin raba ƙasar noma da ta kiwo, ruwan sama kaɗan ne kuma ba shi da tabbas, rijiyoyinta masu zurfi ne ƙwarai, kuma fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun yi mata mummunar illa a dukiya da rayuka. Ta ga irin goben da manyan injuna ke kawowa, domin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, tana kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, kimanin kilomita 50 daga birnin. Duk da haka, babban sauyin da aka gani a gonakin kudancin Nijar cikin shekaru arba'in da suka wuce ya zo ne ta hannun manoma riƙe da gatari da adda. Dabarar da ake kira sassabin zamani ita ce manomi ya daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gonarsa, ya zaɓi rassa mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran, har su zama itace. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, ya taimaka wajen yaɗa ta daga 1983, manoma suka koya wa juna, sassaucin dokar gandun daji ya sa mutum ya amince cewa itacen da ya rena nasa ne, kuma masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram da maƙwabtansu. A Magarya da Matamai da Mirriya gawo ne ya fi yawa, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana ya kuma ƙara wa ƙasa taki. A ƙasa mai tauri kuma ana haƙa tassa da rabin wata, wato ƙananan ramuka da ke tare ruwan sama su ba shi lokacin nitsewa.

Masu tsara Horizons ba su yi kuskure ba da suka ce busasshiyar ƙasa za ta iya yin kore, sun yi kuskure ne a kan wanda zai yi aikin da kuma kayan da zai yi shi da su, domin a gonarsu mutum ɗaya ne a bayan gilashi, babu makiyayi da garkensa, babu rigimar burtali, babu mace mai tafiyar awoyi neman ruwa da itacen girki. Saboda haka idan wata rana aka yi niyyar gina irin wannan tafiya a Damagaram, ko a ƙara ta a gidan tarihi na Yamai, kwafo Mesa Verde da sababbin fitilu zai zama asarar kuɗi. Kayan labarin suna nan a ƙasar tun da daɗewa: ƙasusuwan dinoso Ouranosaurus da Philippe Taquet ya tono a Gadufawa a shekarun 1960 da na ƙaton kada Sarcosuchus suna shaida zamanin koguna; makabartar Gobero da tawagar Paul Sereno ta gano a shekarar 2000, da zanen raƙuman dawa na Dabus, suna shaida cewa Sahara ta yi tafkuna da masunta shekaru dubbai da suka wuce; sai zamanin ayari, da shekarun fari, da dawowar itatuwa. Yaron da ya ratsa waɗannan ɗakuna zai fahimci cewa yanayin ƙasarsa ya sha canzawa kuma mutane sun sha sake dabara, fahimtar da ke da nauyi a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba.

Wajen gini ma ba dole ne a kwaikwayi tsadar Fulorida ba. Babbar tafiya irin ta Disney tana cin miliyoyin daloli masu yawa kuma tana buƙatar lantarkin da ba ya yankewa da ƙwararrun masu gyara kowane dare, alhali a Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci, ga ƙurar hunturu da ke kashe injin da ba a rufe shi da kyau ba. Abin da ke sa tafiyar cikin duhu ta yi aiki shi ne jerin ɗakuna da sarrafa haske da murya mai ba da labari, kuma ana iya samun waɗannan da tafiyar ƙafa cikin ginin ƙasa mai kauri, da ƙananan fitilu masu aiki da hasken rana. Maginan gargajiya suna da wannan ilimi, kamar yadda aka gani a Dandaji ta jihar Tawa, inda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa, aikin da aka kammala a 2018 tare da magina na yankin. Damagaram kuma tana da wasan kara, inda matasa ke ƙera kayan kwaikwayo da karan hatsi, da maƙera da dukawa da masu ɗinki waɗanda za su iya yin samfura da gyara su ba tare da jiran kaya daga waje ba.

Akwai abubuwa biyu da ba a wasa da su. Na farko tsaron rai ne, domin duhu da cunkoso da wuta sun sha haɗuwa su yi ɓarna: gobarar sinimar El Duniya a Kano a 1951 ta kashe mutum fiye da 300, gobarar jirgin fatalwa na Luna Park a Sidni ta kashe 7 a 1979, wata kuma a Amurka ta kashe matasa 8 a 1984, kuma daga irin waɗannan masifu ne aka tsaurara dokokin ƙofofin fita da fitilun gaggawa da kayan gini marasa saurin kamawa. Na biyu yardar jama'a ce. Al'ummar Musulmi tana da ra'ayi a kan siffanta mutum da gunki da kuma cakuɗuwar maza da mata a wuri mai duhu, kuma yadda aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kano a 2016 bayan malamai sun nuna adawa ya isa ya koyar da cewa shawara da malamai da sarakuna da iyaye tana zuwa ne kafin zanen gini. Wasan inuwa da samfurin ƙasa da sauti suna iya ɗaukar mafi yawan labarin ba tare da mutum-mutumi ba, kuma ware lokutan mata da na makarantu abu ne mai sauƙi.

Ɗakin ƙarshe, mai nuna gobe, shi ne ya kayar da kusan duk tafiye-tafiyen da aka ambata, saboda haka shi ya kamata a gina da kayan da ake iya kwancewa cikin mako guda, a kuma ware kuɗin sabunta shi tun ranar da aka ware na ginin, don kada ya dogara ga kamfani ɗaya da zai iya janyewa kamar yadda General Electric ya yi. A Damargu batun wannan ɗaki ruwa ne, kuma mafi amfani shi ne a kafa rijiyar burtsatse ta gaske mai famfon hasken rana a farfajiyar fita, a rubuta zurfinta da yawan litar da take bayarwa a rana da kuɗin da gyaranta ya ci a shekarar da ta gabata, a gefenta kuma a yi ɗan fili na tassa da irin hatsi mai saurin nuna da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ke gwadawa. Manoman Gangara da makiyayan Belbeji da ɗaliban Jami'ar Damagaram su ne za su riƙa zama bayan kaka suna yanke abin da za a cire da abin da za a sa, a rubuta sunan ƙauyen da kowace dabara ta fito da shekarar da aka gwada ta, har da waɗanda aka gwada ba su yi ba.